Ƙwarangwal ɗin Mai Hannu

A ofishin nan da ke saman shagon masu sayar da tayal, kowa ya san ba a fara sabon aiki sai Mai Hannu yana nan. Ba doka ba ce, babu wanda ya taɓa rubuta ta. Haka kawai aka wayi gari aka ga abin yana tafiya.

Sana'arsu gina shafukan intanet. Mai otal ya zo, mai makaranta ya zo, mai sayar da kayan gyaran mota ya zo, kowa da irin shafin da yake so. Wasu a ofishin aikinsu fuska: su zaɓi launi, su jera hotuna, su gyara maɓallan da mai ziyara zai taɓa. Mai Hannu kuwa mutumin ciki ne, ɓangaren saba, wato na'urar da ke karɓar buƙatar mai ziyara, ta shiga rumbun bayanai ta ɗauko abin da ake nema ta miƙo masa. Shekarun baya ya gaji da fara kowane aiki daga babu, sai ya zauna ya haɗa wani abu da suka sa wa suna ƙwarangwal. Foldoji ne a jere, kowace da gurbinta, da hanyoyin da buƙata za ta bi, da wurin shiga da kalmar sirri, sai shafin gwaji guda mai cewa barka da zuwa. In sabon aiki ya shigo, a kwafi ƙwarangwal, a buga masa umarni ɗaya a baƙin allo, ya tashi, daga nan a fara ɗora masa tsoka.

A hannun Mai Hannu tashi yake yi ba gardama. A hannun kowa ma yana tashi, muddin Mai Hannu yana cikin ɗakin. Amma bari zazzaɓi ya kwantar da shi, ko ya je gaida wani ɗan'uwa a asibiti, sai ƙwarangwal ya ce shi ma bai san zance ba. A buga umarni, ya yi jim, sannan ya rubuto cikin ladabi: “Yi haƙuri, a sake gwadawa.” A sake, ya sake ba da haƙuri. Daga ƙarshe dai a buga wa mai shi waya.

Sai ya taso, ya hau matakala yana haki, ya ajiye jaka, ya zare takalmi, ya sa babban yatsan ƙafa ya danna makunnin soket ɗin da ke ƙarƙashin teburinsa don butar shayinsa ta kama aiki, domin shi ba ya tunani da busasshen maƙogwaro. Kafin ruwa ya tafasa ya zaga ya gaisa da kowa, ya tambayi lafiyar iyali har da ta maƙwabta. Ya kurɓi shayi, ya miƙa hannu ya buga umarnin nan da aka sha bugawa kafin zuwansa. Sai ga barka da zuwa, fes.

“Kai, me ka yi masa?”

“Ni? Wallahi ban yi masa komai ba,” in ji shi, yana murmushin da ke cewa ya yi.

Daga nan sunan ya samo asali. Kuma kar in ɓoye muku, abin yana yi masa daɗi. Mutum ne da furfura ta fara cin gemunsa, yana aiki cikin matasan da ke koyon sabon abu kafin ya gama ɗaura agogo. A ce akwai abin da ba ya yiwuwa sai da shi, ai ko ba a ƙara masa komai ba ya ƙoshi.

Ana nan sai 'yarsa ta fari ta haihu a wani gari mai nisa inda mijinta ke aiki. Matarsa ta je ta yi musu kwanaki ta dawo, shi ko aiki ya riƙe shi. Aka ba shi hutu, ana gobe tafiya sabon aiki ya shigo, aka soke. Aka sake ba shi, aka sake sokewa. Jaririya ta fara zama, ta yi rarrafe, haƙora suka fito, duk a fuskar waya yake gani.

Wata ranar Asabar da hantsi yana zaune a falo, matarsa tana guga a gefe, 'yar ta kira shi ta bidiyo tana dariya.

“Baba, tsaya ka ga abin da jikarka ta koya.” Ta juya wajen yarinyar. “Ina Mama?” Yarinya ta nuna uwarta. “Ina hanci?” Ta dangwale hancinta. “To, ina Kaka?”

Yarinyar ta yi rarrafe da sauri, ta wuce wayar da uwarta ke riƙe da ita, ta je kan kujera ta ɗauko wayar ubanta da ke kashe, ta ɗaga ta sama tana ƙyalƙyala dariya.

Kowa ya yi dariya, har da shi. Amma da aka kashe kiran sai ya yi ta juya abin a ransa. Wato a wajen jikarsa shi ba mutum ba ne mai ƙafa da cinyar da za a hau, waya ne. Matarsa ba ta ɗago daga gugarta ba.

“Baban yara, in ka yi wasa sai ta yi aure tana gaida waya.”

“Za mu je, maman yara.”

“Uhm,” in ji ta, ta juya hannun riga ta ci gaba da guga.

Ran Litinin ya shiga wajen Shugaba. Mace ce da ba ta kai shi shekaru ba, amma ba ta maimaita magana, kuma ba ta da mugunta. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta juyo masa da allon kwamfutarta ya ga ayyukan da ke layi.

“Malam Mai Hannu, ni ma ina jin kunyar matarka. Amma ka duba nan. In ka tafi, wa zai tayar mana da ƙwarangwal? Ka sa ya tsaya ba kai, ni kuma in sa maka hannu, ka je ka yi wata guda ba wanda zai neme ka.”

“Ranki ya daɗe, ai yana tashi a hannun kowa.”

“In kana nan. To mu gwada irin yadda muka saba.”

Suna da wata ɗabi'a a ofishin in za a gwada aikin mutum. Wanda bai taɓa taɓa aikin ba shi zai zauna gaban kwamfuta, mai aikin kuma a ajiye masa kujera a baya, ya zauna a kan tafukan hannunsa, ba magana, ba nuni, ba gyaran murya. Shugaba ce ta ƙirƙiro abin, don ta lura masu rubuta kod, wato yaren kwamfuta, ba sa iya ganin wani yana lalube ba su fizge madannan kwamfutar sun ce kawo in nuna maka ba. A duk ofishin kuwa babu mai fizga irin Mai Hannu.

Ya kwashe kwanaki yana share ƙwarangwal. Ya fitar da tarkacen da suka taru, ya sabunta kayan da ake saukowa da su daga intanet, ya gyara sunayen foldoji yadda ko baƙo ya gani zai gane. Yana yi yana waƙa ƙasa-ƙasa, abin da aka daɗe ba a ji ya yi ba. Abokin aikinsa Gajere, wanda saboda tsawonsa sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofis, ya leƙo ta saman allo.

“Yaya, wannan gyara haka, ƙwarangwal za ka kai gidan surukai?”

“Ni zan je gidan surukai, shi ya zauna ya yi muku gadi.”

Ranar gwaji aka kawo laftof da aka goge tas, babu komai a cikinta. Aka zaɓi Mai Launi, gwanar fuska, wadda ta fi kowa sanin shuɗin da ke sa mutum ya danna maɓalli, amma ba ta taɓa shiga harkar saba ba, ta ce baƙin allo yana sa ta ciwon kai. Mai Hannu ya sha shayinsa, aka kawo masa kujera, ya ɗaga cinya ya tura hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayar ya tura ɗayan. Ma'aikata suka kewaye su.

Wayyo, ranar ya sha wuya! Mai Launi ta buɗe folda, ta rufe, ta sake buɗewa. Ta rubuta umarni ta bar harafi ɗaya. Yana gani, harafin yana kallonsa, shi kuma ba halin magana. Ya yi gaba da ƙirji kamar mai shirin tashi.

“Hannu!” in ji Shugaba.

Ya koma. Ya fara lumshe ido yana karkata kai wajen hagu, ko za ta gane.

“Ranki ya daɗe, yana magana da gira,” in ji Gajere. “A sa masa tabarau.”

Mai Launi ta gano harafin da kanta, ta gyara. Rubutu ya fara gudu a allo, kaya suna saukowa. Ta buga umarnin ƙarshe, ta buɗe burauza, manhajar duba shafuka, ta sa adireshin. Ana jiyo masu tayal a ƙasa suna sauke kwalaye. Sai ga shi: barka da zuwa, da ɗan jerin kayan gwaji a ƙasa, an ɗauko su daga rumbun bayanai.

Ofis ya kaure da tafi. Mai Launi ta miƙe ta ɗaga hannu biyu tana cewa ashe abin ba aljanu ba ne. Mai Hannu ya zaro hannayensa da suka mutu, yana yarfe su yana dariya har da ƙwalla. Shugaba ta ce da safe ya zo ya karɓi takardar hutunsa. Ya ɗauki waya zai kira gida, sai ya fasa. Wannan albishir ba na waya ba ne, yana so ya ga fuskar matarsa.

Da yamma ta yi ya shiga kintsa teburinsa irin na mai doguwar tafiya. Ya wanke kofi ya kife, ya ba Gajere amanar shukar da ke bakin taga, ya naɗe wayar caji. Mai Launi tana can ƙurya, ta ƙi rabuwa da sabon shafinta, tana canja masa launi tana sabunta shi tana jin daɗi. Ya rataya jaka, ya sa yatsan ƙafa ya kashe soket, ya fara laluben takalmi.

“La! Ya mutu!”

Ya juyo. Mai Launi ta dafe kai, allo yana ba ta haƙuri.

“Me kika taɓa?”

“Ban taɓa komai ba, Baba, launi kawai na canja.”

Ya ajiye jaka, ya koma kan kujera. Da yake tunani ba ya zo masa sai da shayi, ƙafarsa ta je ta danna makunni tun kafin ya ba ta izini. Ya dafe haɓa yana kallon allon daga nesa, buta ta fara shiii. Can sai Mai Launi ta yi ƙara.

“Ya dawo!”

“To, ka ji,” in ji Gajere. “Kallo kawai ya yi masa.”

Mai Hannu ya yi dariyar yaƙe, ya ce wataƙila intanet ce ta yi tuntuɓe. Tunda abu ya gyaru, shayin ma ya fasa. Ya kashe soket ya miƙe.

“Ya mutu!”

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Shugaba ta fito daga ofishinta ta tsaya, ta dubi allon, ta dubi Mai Hannu, sannan idonta ya sauka a hankali har kan ƙafarsa da ke cikin safa.

“Malam, kunna.”

Ya kunna. Suka jira. Ya dawo.

“Kashe.”

Ya kashe, ya mutu nan take. Ruwa dai ba ya tsami banza. Gajere ya naɗe doguwar ƙafarsa ya durƙusa, ya kunna fitilar waya, ya kutsa kai ƙarƙashin tebur. Aka ji yana atishawa. Ya turo kwalin tsofaffin wayoyi, ya turo wata lema da ta ɓata tun bara, ya turo takalmin ruwa ƙafa ɗaya. Sai muryarsa ta fito daga ciki.

“Yaya, wace ce wannan baiwar Allah da ka ɓoye a nan?”

Wata tsohuwar kwamfuta ce, ƙaramar akwati mai ruwan toka, ƙura ta yi mata bargo, an jingina ta da bango a bayan kwalaye. Wayarta tana cikin soket ɗaya da butar shayi. Mai Hannu ya sunkuya ya gan ta, sai komai ya dawo masa kamar jiya. Lokacin da ya fara haɗa ƙwarangwal yana buƙatar rumbun bayanai na gwaji, sai ya ɗora shi a kan wannan akwati, ya saita ta ta riƙa tashi da kanta da zarar ta ji wuta, ya rubuta adireshinta can cikin wani fayil da babu mai buɗewa, da niyyar zai gyara in ya samu sarari. Sarari bai zo ba, kwalaye suka zo. Duk ƙwarangwal ɗin da aka tayar a ofishin nan, ita yake nema kafin ya buɗe ido. In ya neme ta ya rasa, da sai ya yi ihu ya faɗi adireshin da ya nema, kowa ya gane. Amma Mai Hannu ba ya son jan rubutun da ke nuna kuskure, yana cewa tsorata mutane yake yi, don haka da hannunsa ya toshe wa ƙwarangwal baki, ya koya masa ba da haƙuri.

Allura ta tono garma. Gajere ne ya fara, yana kwance a ƙasa, dariya ta hana shi tashi.

“Jama'a, shekara da shekaru muna girmama hannu, ashe ƙafa ce ke aiki! Ashe buta ce injiniya!”

Mai Launi ta zauna a kan tebur tana share hawaye. Shugaba ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Mai Hannu ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Kunya ta kama shi, kunya ta gaske, har kunnuwansa suka yi zafi. Ya ji haushi kuma, don abin da yake taƙama da shi a zuciya an zaro shi daga ƙarƙashin tebur da ƙura a kai. Amma da ya tuna yadda yake kurɓar shayin nan da isa, yana cewa bai yi masa komai ba, alhali gaskiyar ke nan tsagwaronta, sai dariya ta ƙwace masa shi ma. Ya yi ta har ya zauna.

Da aka natsu Gajere ya ce, “Ai faɗuwa ta zo daidai da zama. A kawo salatif a liƙe makunnin nan, a rubuta kar a taɓa. Yaya ya kama hanya gobe.”

Duk suka dubi Shugaba. Ita kuma ta dubi Mai Hannu, ta ce, “Na riga na yi alkawari. In ka ce a liƙe, a liƙe.”

Zuciyarsa ta ce masa karɓi, wallahi ta ce. Ya ga kansa a mota, ya ga jikarsa a cinyarsa. Sai ya sake kallon akwatin, yana jin fankarta tana kuka kamar tsohuwa mai tari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ba za ta kai wata guda a kunne ba, kuma ran da ta mutu, kiransa za a yi, ya baro jikarsa ya hau mota.

“A'a, ranki ya daɗe. Wanda aka yi ɗazu ba gwaji ba ne, ruɗin kai ne. A ba ni gobe.”

A gida suka ci abincin dare. Matarsa ta tambaye shi yaya gwaji, ya ce an ɗan samu tangarɗa, sai gobe. Ba ta yi mita ba, kuma da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta tattara kwanuka ta ce Allah ya kai mu.

Da sassafe ya riga kowa zuwa. Ya zare wayar tsohuwar akwati daga soket, ya goge mata ƙura da hankici, ya ɗora ta a kan tebur kowa ya gani. Sannan ya buɗe fayil ɗin nan ya goge adireshinta. Ya koya wa ƙwarangwal ya haƙa nasa ɗan rumbun a cikin duk kwamfutar da ya samu kansa, ya zuba kayan gwajinsa da kansa. Saituna kuma ya fito da su fili, a fayil ɗaya a bakin ƙofa, kowane da bayaninsa a gefe. Da ya zo kan “Yi haƙuri, a sake gwadawa” sai ya ɗan dakata, don yana son jimlar nan, tarbiyya ce da ita. Ya goge ta. Daga yau in abu ya lalace, ƙwarangwal ya faɗi abin da ya lalace da inda ya lalace, da jan rubutu, kowa ya karanta.

Bayan azahar ya ce ya shirya. Aka sake goge laftof. Ya jawo kujera zai zauna a kan hannu, Shugaba ta girgiza kai.

“Yau ba hannu kaɗai ba. Da ƙafar, da girar, duk ku fita. Kawo wayarka ma.”

Ya miƙa waya, ya sauka. A tsallaken titi akwai mai faci, da benci a ƙarƙashin rumfarsa. Suka gaisa, ya nemi izini ya zauna, ya ɗaga kai yana kallon tagar ofis. Daga nan ba ya ganin allo, sai kawuna. Ga na Mai Launi a tsakiya, ga na Gajere can sama da na kowa.

Mai faci ya gama taya ɗaya, ya kama ta biyu. Motar haya ta tsaya ta tare masa taga, ya miƙe ya matsa gefe har ta wuce. Sai ya ga kawunan sun taru wuri ɗaya, sun matsa kusa da allo, Gajere ya dafe ƙeya. Ya san wannan tsayuwar, tsayuwar jan rubutu ce. Bai san lokacin da ya kai bakin kwalta ba, ƙafa ɗaya a titi.

“Malam, lafiya?” in ji mai faci. “Haihuwa ake yi a sama?”

“Kusan haka.”

“To ai ba a shiga. Dawo ka zauna.”

Ya dawo ya zauna, kuma ba tare da kowa ya ce masa ba, ya tura hannayensa ƙarƙashin cinya. Yana so abin ya tashi, Allah ya sani yana so. Amma can ƙasan zuciyarsa akwai wani ɗan guntun son a buɗe tagar nan a ƙwala masa kira a ce ya zo, sun kasa. Ya gane guntun, ya ji kunyarsa, ya ce masa kwanta.

Taga ta buɗe. Mai Launi ta zuro kai, ta ɗago laftof da hannu biyu ta juyo da shi wajen titi. Daga nisan nan rubutu ba ya karantuwa, amma ya ga launin da ta zaɓa ya cika allo.

“Baba! Ya yi jan rubutu!” Masu tayal suka fito suna ɗaga kai. “Wai wani aiki ya riga shi kama ƙofar da yake so! Na karanta, na canja masa lambar ƙofa a saituna, ya tashi! Ni da kaina!”

Yadda ya tsallaka titin nan, shi ma bai sani ba. Matakalar da yake hawa yana haki, ranar bibbiyu ya riƙa haɗawa. Ya tarar Gajere ya kwafi ƙwarangwal a tasa kwamfutar don neman magana, nan ma ya tashi. Wata mai aikin fuska ta gwada a tata, ya tashi. Ko'ina ka duba barka da zuwa, ga soket a kashe, ga buta a sanyaye. Wani irin sauƙi ya sauko masa tun daga wuya har gadon baya, irin wanda mutum ba ya sanin yana ɗauke da kaya sai an sauke masa. Ya rungume Gajere, kansa bai wuce ƙirjinsa ba.

Shugaba ta miƙo masa takarda da wayarsa. Wannan karon bai jira ganin fuska ba, nan tsakiyar ofis ya kira.

“Maman yara, gobe da safe za mu kama hanya.”

“Uhm,” in ji matarsa.

“Wallahi da gaske. Ga takarda a hannuna.”

“Waccan ma ai da takarda. Shugabar taku tana kusa? Ba ni ita.”

Ofis ya fashe da dariya. Ya sa wayar a lasifika ya miƙa. Shugaba ta karɓa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa kamar ana ganinta.

“Mama, ina wuni? Ni ce mai laifin. Na sake shi, wata guda cur. Ko ginin nan ne ya kama da wuta, ba mai kiransa.”

“In sabon aiki ya zo fa, 'yata?”

“Ya zo, Mama. Yanzu kowa ya iya.”

Aka ji ta ja dogon numfashi, ta yi hamdala a hankali, ta sa wa Shugaba albarka, ta sa wa duk wanda ke ɗakin. Mai Hannu ya karɓi wayarsa, murna ta sa bakinsa ya ƙi rufuwa.

“To, yanzu zan taho. Sai ki fito mini da jaka, mu fara haɗa kaya, kar dare ya yi mana.”

“Wace jaka?” in ji ta, tana dariya. “Jakarka ai tun ranar da aka haifi yarinyar nan take a haɗe a bayan ƙofar ɗaki, kullum kana wuce ta. Nakan dai fito da rigunan in sake goge su in mayar. Kai dai taho.”